Tonon Sililin 'Yan Takara: Ina Iyakar Nasiha da Bin Al'aura?



Kwanakin baya wani matashi ɗalibi ya tsayar da mu a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, a nan ƙasar Rano. Sai da ya bari jama'a suka watse sannan ya yi magana. Ya ce an saka shi cikin wani kwamiti na magoya bayan wani mai neman takara, an kuma ɗora masa aiki biyu. Na farko, ya je makarantar firamaren da abokin hamayyar ubangidansu ya ce ya yi, ya duba tsohuwar rajista ko sunansa na ciki. Na biyu, ya nemi matar da mutumin ya saka shekarun baya, wadda yanzu take zaune a wani ƙauye na Kibiya, ya sa yayarsa ta ja ta da hira irin ta mata, a naɗi muryarta a waya ba tare da ta sani ba. An ba shi kuɗin mota da na kati, an yi masa alkawarin ƙari idan ya dawo da abin da ake so. Tambayarsa ita ce: "Malam, wannan kuɗin halal ne?"

Muka ce masa aika biyu aka haɗa masa cikin ƙunshi ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Da yake mun san ba shi kaɗai aka aika ba, kuma kakar zaɓe tana ƙaratowa, sai muka ga ya dace mu faɗaɗa amsar a wannan shafi.

Bin diddigin abokin takara ya zama sana'a mai zaman kanta. A Amurka jam'iyyu suna ɗaukar ma'aikata na musamman waɗanda ba su da aiki sai karanta tsofaffin jawaban abokin hamayya da takardun kotu da na haraji. A wajenmu aikin ya rabu hannu-hannu: akwai lauyoyin da ke tace takardun makaranta, akwai sojojin baka a gidajen rediyo, akwai samarin Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, sannan akwai 'yan aike irin wannan ɗalibi. Abin da ya bambanta mu da Amurka shi ne ƙanƙantar gida. Rano da Kibiya da Bunkure kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, masarauta ɗaya ce ta haɗa su, auratayya kuma ta ɗinke su. Mutumin Rurum yana da kawu a Tarai, na Saji yana da suruki a Kibiya. Don haka asirin da za a tona ba a wata ma'ajiyar gwamnati yake ba. Yana bakin maƙwabci, da abokin karatun allo, da tsohuwar mata, da direban da aka sallama. Duk wanda ya sayi asiri a irin wannan ƙasa, zumuncin wani gida ya saya.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan al'amari, kuma a ganinmu kowane ɓangare ya yi kuskure. Ɓangare na farko su ne masu cewa duk wani bincike a kan ɗan takara giba ce, Musulmi kuwa an umurce shi da rufa asirin ɗan'uwansa. Sau da yawa za ka tarar mai faɗin haka gwaninsa ne aka taɓa. Malamai ba su bar wannan ƙofa a buɗe haka ba. Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa yake halatta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci, da gargaɗin Musulmi game da wata cuta, da ambaton wanda yake bayyana fasiƙancinsa a fili. A ƙarƙashin gargaɗi ya kawo mai riƙe da wani muƙami wanda bai cancanta ba ko ba ya tsayawa da shi yadda ya kamata, ya ce a faɗa wa wanda yake da ikon cire shi. A tsarin da muke ciki, mai ikon naɗawa da cirewa shi ne mai ƙuri'a. Hujjar da aka fi kafawa ita ce hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu a Sahihu Muslim, lokacin da ta nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutum biyu da suka nemi aurenta, ya bayyana mata abin da ke tattare da kowannensu, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Idan an halatta wannan domin mace ɗaya da za ta shiga gida ɗaya, to ina ga mutumin da yake neman a damƙa masa amanar ƙananan hukumomi uku na tsawon shekara huɗu?

Tarihinmu ma cike yake da bincikar masu riƙe da amana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi a kan abin da ya karɓo na zakka, da mutumin ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, sai ya hau mimbari ya yi wa al'umma bayani cewa ba don aikin ba da babu mai ba shi. Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar naɗa shi, yakan aiki Muhammadu ɗan Maslama ya binciki ƙorafin da aka kawo a kan gwamnoni. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi yana fayyace harajin zalunci da cin hanci na sarakunan zamaninsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Babu wanda ya kira ɗaya daga cikin waɗannan giba.

Dokar ƙasa ita ma ta buɗe wannan ƙofa. Sashe na 66 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu tsayawa takarar majalisar tarayya. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta wajabta wa INEC ta manna bayanan da ɗan takara ya rantse a kansu a mazaɓarsa cikin kwana bakwai da karɓarsu, ta kuma ba kowane mutum damar neman kwafinsu idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Abin da mutum ya rubuta da hannunsa, ya rantse a kai, ya miƙa domin a manna a bango, ba al'aura ba ne. Mutanen Kano ba sa buƙatar a je da su nesa kafin su gane amfanin wannan. A 1999 mujallar TheNews ta bankaɗo cewa Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Salisu Buhari, ya ƙara wa kansa shekaru ya kuma yi iƙirarin digirin Jami'ar Toronto wanda ba shi da shi. Ya amsa laifinsa, ya sauka, ya nemi gafarar 'yan ƙasa, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Ba mu kawo sunansa don gori ba, domin amsa laifi a bainar jama'a abu ne da mafi yawan waɗanda suka biyo bayansa suka kasa yi. A Bayelsa kuwa jam'iyyar hamayya ce da kanta ta bi takardun mataimakin ɗan takarar gwamna har Kotun Ƙoli, wadda a ranar 13 ga Fabrairu 2020 ta soke nasarar David Lyon ana gobe za a rantsar da shi. Takarda aka kawo, alƙalai suka duba, wanda ake tuhuma ya sami damar kare kansa. Wannan shi ne aiken farko da aka yi wa ɗalibinmu, kuma asalinsa halal ne.

Ɓangare na biyu su ne masu cewa siyasa yaƙi ce, yaƙi kuwa ɗan zamba ne, duk abin da hannu ya kai a jefa. Waɗannan sun fi yawa, kuma ɓarnarsu ta fi girma. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta jero hani uku ɗaya na bin ɗaya: yawan mummunan zato, da tajassusi, wato leƙen asirin mutane, da giba. Jerin da kansa yana nuna yadda cutar take tafiya. Kwamiti yakan zauna ya fara da zato, a ce ai mutum irin wane ba zai rasa wani abu ba. Daga nan sai a tashi 'yan aike. Abin da suka samo kuma a watsa. Abdurrazzaƙ ya ruwaito cewa Sayyidina Umar yana sintirin dare tare da Abdurrahman ɗan Aufu suka ji hayaniyar masu shan giya a wani gida a rufe. Da Umar ya nemi ra'ayinsa, Abdurrahman ya nuna masa cewa su ne suka faɗa cikin abin da Allah Ya hana na leƙen asiri, sai Umar ya juya ya bar su. Wannan Amirul Muminina ne mai ikon tsayar da haddi. Mawardi ya yi bayani a Ahkamus Sulɗaniyya cewa ko mai hisba ba shi da ikon bankaɗa abin da ke ɓoye, sai idan amintacce ya ba shi labarin wata ɓarna da ke shirin aukuwa wadda ba a iya gyara ta bayan ta auku, kamar kisan kai. To idan hukuma ba ta da wannan iko, daga ina kwamitin yaƙin neman zaɓe ya samo shi?

Mu duba abin da ake tonowa a zahiri. Galibi abu uku ne: sirrin aure, da asalin mutum, da lafiyarsa. Wane ya taɓa yi wa wata ciki. Kakan wane bawa ne, ko baƙo ne da ya zo ci-rani. Wane yana karɓar magani a ɓoye. Na farkon, idan babu shaidu huɗu, ƙazafi ne, kuma Suratun Nur ta yanke wa mai yin sa bulala tamanin tare da zubar da shaidarsa. Ba a kuma jifan ɗan takara shi kaɗai da shi. Akwai mace a cikin labarin, tana da miji da 'ya'ya da iyaye, ba ta sayi fom ɗin kowace jam'iyya ba. Na biyun, sukar nasaba, Annabi ya lissafa ta cikin ɗabi'un jahiliyya da suka saura a cikin al'ummarsa. Na ukun ya ɗan fi sarƙaƙiya, don haka bari mu tsaya a kansa. A 2018 jaridun Ingila suka ba da rahoton cewa wani attajiri ya ɗauki kamfanin Cambridge Analytica aiki gabanin zaɓen Nijeriya na 2015 domin yaƙar Muhammadu Buhari, kuma ma'aikatan kamfanin suka ce an kawo musu bayanan da masu kutse suka sato, waɗanda ake jin sun shafi sirrin lafiyarsa. Ba ma musun cewa lafiyar mai neman mulki ta shafi talakawa idan ciwon zai hana shi aiki. 'Yan Nijeriya sun ɗanɗana haka. Amma hanyar ita ce a tambaye shi a fili, a nemi ya bayyana, idan ya ƙi mai ƙuri'a ya yi hukunci da ƙin nasa. Satar fayil daga asibiti, ko sayen bakin ma'aikaciyar jinya, cin amana ne ko da abin da ke cikin fayil ɗin gaskiya ne.

Wani zai ce: to idan na san ɗan takara ya cinye gadon marayun ƙaninsa, ko ya karɓi kuɗin adashen 'yan kasuwa ya danne, in yi shiru saboda abin ya faru a cikin gida? A'a. Ma'aunin ba bango ba ne, haƙƙi ne. Zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda ya ɓoye yana jin kunyarsa, a bar shi da suturar Allah, musamman idan ya daɗe da wucewa kuma alamun tuba sun bayyana. Cin haƙƙin mutane kuwa shaida ce kai tsaye a kan amanarsa, amana kuma ita ce abin da yake nema a ba shi. Wanda ya san wannan da yaƙini, ya faɗa gwargwadon buƙata, ba tare da ƙarin gishiri ba, a shirye kuma ya maimaita a gaban mutumin.

Sai dai akwai wata matsala da ta rage ko da an tsaya a kan abin da ya halatta, kuma ita ce ta fi damun mu. Mai binciken abokin gaba ne. A fiƙihunmu na Malikiyya alƙali ba ya karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, malaman hadisi kuma, duk da zurfin da suka yi wajen tantance masu ruwaya, sun yi taka-tsantsan da sukar da tsara yake yi wa tsaransa idan akwai gaba a tsakani, sun kuma nemi mai suka ya fayyace dalilinsa. Ibnu Rajab ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan bambancin nasiha da gori, inda ya nuna cewa magana ɗaya tana iya zama wannan ko wancan gwargwadon abin da mai ita yake nufi. Mu ba ma ganin zuciya, amma muna ganin alama. Mai nasiha idan ya ga an saci kuɗin gina aji, ranar da ya gani yake magana, domin yara suna zaune a ƙasa. Mai gori sai ya adana takardar a aljihu shekara uku, sai ana saura mako biyu zaɓe ya fito da ita. Babbar alama kuma ita ce abin da ke faruwa idan wanda ake tuhuma ya sauya sheƙa. A Kano mun sha gani, a kowace jam'iyya ba tare da ware ɗaya ba: wanda aka kira ɓarawo jiya a rediyo, yau ya canza hula, gobe bakin da ya zage shi ne zai yi masa kirari. Fayil ɗin bai ƙone ba, an mayar da shi durowa ne sai ranar da aka sake ɓatawa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Kwamitin da ya san ɓarnar ɗan takararsa ya rufe, ya fita neman ta abokin hamayya, ba kishin dukiyar jama'a ne ya tashe shi ba.

Wannan ba ya nufin mu yi watsi da duk abin da 'yan hamayya suka kawo. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ba ta ce a ƙaryata labarin wanda ba a amince da shi ba, cewa ta yi a bincika, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Sau da yawa ma ba don maƙiyi ba da gaskiya ba ta fito ba. Abin takaicin shi ne wuraren da ya kamata su tantance mana ba sa kai mu ƙarshen magana. A watan Oktoba 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki faifan bidiyon da ta ce suna nuna Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa su aka yi. Majalisar Dokokin Kano, wadda ɗan wannan yanki Kabiru Alhassan Rurum yake shugabanta a lokacin, ta kafa kwamitin bincike, sai kotu ta dakatar da shi. Haka aka shiga zaɓen 2019 babu hukuncin da ya tabbatar ko ya kore, kowa ya gaskata ko ya ƙaryata gwargwadon launin hularsa. Yau kuwa da manhajar kwamfuta take iya kwaikwayon muryar mutum har iyalinsa su ruɗe, nauyin tantancewa ya ƙara komawa wuyan mai karɓar saƙo. Kafin ɗalibi ya tura wata murya ko hoto zuwa zauren 'yan ajinsu, ya tambayi kansa: wa ya fara sakin wannan, ya sa sunansa ko ya ɓoye? Akwai takarda ko wurin da za a je a gani da ido? An ji ta bakin wanda ake zargi? Wanda ya tura ba tare da wannan ba, ya shiga cikin masu ɗaukar nauyin maganar, kamar yadda waɗanda suka yaɗa ƙagen da aka yi wa Nana A'isha suka ɗauki nasu kason duk da ba su suka ƙirƙira ba.

Abin mamaki, binciken da ya fi kowanne halatta kuma ya fi amfani shi ne wanda ba mai biyan kuɗi a yi. Ayyukan mazaɓu ana rubuta su cikin kasafin kuɗi da sunan gari da adadin kuɗi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi takardun aiki. Matashin da aka ba kuɗin mota ya je ƙauye neman bazawara, da kuɗin nan zai iya zagaya mazaɓu biyu ya ƙirga rijiyoyin burtsatse nawa ke ba da ruwa, ɗakin shan magani nawa ke da ma'aikaci, takin da aka ce an raba ya isa hannun manomi ko ya tsaya a kasuwa. Mai neman tazarce a auna shi da wannan, sabon shiga a auna shi da yadda ya riƙe shagonsa ko ofishinsa ko kuɗin ƙungiyarsu. Masu kwamiti ba sa son irin wannan bincike, domin ma'aunin da ka auna wani da shi yau da shi za a auna ubangidanka gobe.

Mu ma masu hawa mimbari ba mu tsira ba. Akan kawo wa limami takarda ko faifai ranar Alhamis da dare, tare da ɗan abin sadaka, a ce a taimaki addini a faɗakar da jama'a. Wanda ya karɓa ya hau ya yi habaici, ya mayar da huɗuba reshen ofishin jam'iyya, kuma ya yi hukunci a wurin da wanda ake zargi ba shi da ikon ɗaga hannu ya ce ba haka ba ne. Haka nan iyayenmu mata da 'yan'uwanmu da aure ya mutu: abin da ya gudana tsakanin miji da mata amana ce da saki ba ya warware ta, kuma hadisi ya yi tsananin gargaɗi a kan mai yaɗa sirrin shimfiɗa. Idan akwai haƙƙi, na sadaki ko na ciyar da yara, ƙofar alƙali a buɗe take. Wanda ya zo da waya a aljihu yana tausaya miki ba haƙƙinki ya zo karɓar miki ba, kuma ranar da muryar ta fita 'ya'yanki ne za su shiga makaranta da ita.

Sharaɗin da muka gindaya wa ɗalibin nan a kan aiken farko shi ne ya shiga ta ƙofa, ya faɗa wa shugaban makarantar ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, kada ya ba kowa cin hanci, kuma duk abin da ya gani ya faɗe shi yadda yake, ko ya yi wa masu aikensa daɗi ko bai yi ba. Bayan kwana goma ya dawo. Ya ce sunan mutumin yana nan cikin rajista, da shekarar shigarsa da ta fitarsa, daidai da abin da ya rubuta. Da ya kai wa kwamitin, sai shugabansu ya ce ya bar maganar a nan kada ya faɗa wa kowa, ya tambaye shi ina aka kwana a batun matar. Ya ce musu bai je ba, ba kuma zai je ba. Ƙarin kuɗin da aka yi masa alkawari ba a ba shi ba, kuma ya ce ya ji an riga an tura wani yaron.